Yadda Ake Kare Gandun Daji da Makiyaya Daga Gobara a Jihar Kebbi

Tun da ruwa ya fara ja da baya nake samun tambaya iri ɗaya daga masu karatu, mafi yawansu 'yan kwamitin kula da daji a ƙauyukan ƙasar Zuru da Yawuri da yankin Ka'oje, wasu kuma waɗanda aka damƙa wa kula da itatuwan da gwamnati ta dasa a arewacin jihar. Suna so su san yadda ake hana wutar daji cinye gandun daji da makiyaya da hurumin gari, da kuma aikin da ya kamata a fara da shi. Aikin na watan Oktoba da Nuwamba ne, kuma fartanya da zama da mutane ne manyan kayansa. Wanda ya bari sai Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da komai, abin da ya rage masa shi ne bin wuta a guje da ganye a hannu. A bi matakan bisa jerinsu, domin yawancin ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga tsallake ɗaya daga ciki.

1. Neman izini

Gandun daji da makiyaya ba mallakar mutum ɗaya ba ne, saboda haka kada kowa ya sa fartanya ko ashana a ciki sai da sanin hukuma. A fara da malamin daji na ƙaramar hukuma, a rubuta masa takarda mai ɗauke da sunan dajin, da gefen da za a share, da makon da ake son yin ƙuna. A kai kwafi ga hakimi da uban ƙasa. Ƙa'idojin da gwamnatin tarayya ta fitar a 2011 a ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, sun hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba, kuma ko da niyyar kwamiti ta alheri ce, ranar da wuta ta kuɓuce ta ci damman dawar wani, takardar nan ce abu na farko da za a tambaya. A roƙi malamin daji ya zo da kansa ya nuna iyakar gandun, saboda a wurare da yawa gonaki sun ci cikin iyaka, kuma share hanyar tare wuta a kan layin da ake jayayya a kansa fitina ce ta daban.

Gargaɗi: a yankunan da ke fama da matsalar tsaro, kamar wasu sassan Danko-Wasagu da Sakaba, dole a sanar da jami'an tsaro rana da wurin da za a yi aiki, domin hayaƙi da taron maza masu adduna a bakin daji abu ne da za a iya yi wa mummunar fahimta. Inda shiga ke da haɗari, a tsaya ga gefen da ke kusa da gari da gonaki. Babu ciyawar da ta kai ran mutum.

2. Zama da masu shiga dajin

Wutar daji a ƙasarmu kusan kullum hannun mutum ne ke tayar da ita, kuma kowa a gari ya san hannuwan. Akwai mafarauta da samari masu korar gafiya da zomo, akwai masu cire zuma da dare da ke yar da bakin wuta a gindin itace, akwai masu gawayi da ke barin rami bai mutu ba, akwai manomin da ke ƙona karan gonarsa da rana tsaka, akwai kuma makiyayin da ke ƙona tsohuwar gamba don ta yi sabon toho. Kwamitin da bai zaunar da waɗannan mutane ba, gumi kawai zai zubar.

A kira zama a ƙofar hakimi, a gayyaci arɗo, da sarkin baka, da sarkin noma, da limami, da shugaban matasa, da wakiliyar matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa. Mata su ne aka fi mantawa da su, alhali su ne suka fi sanin inda manyan itatuwa masu 'ya'ya suke, kuma su ne ke fara ganin asara idan wutar Janairu ta babbake furen kaɗanya. A zaman a tsayar da abubuwa ƙalilan da kowa zai iya riƙewa: ranar da za a gama yankan gamba ta zana da shuci na jinka, ranar da za a gama kwashe amfanin gonakin da ke bakin daji, makon ƙuna, da ranar da daga ita aka rufe sa wuta a daji baki ɗaya har saukar ruwa. A bar wa hakimi da dattawa su yanke tarar wanda ya saɓa, a sanar a masallacin Juma'a da coci da ranar kasuwa. A ganina, ba wa arɗo da sarkin baka kujera a cikin kwamitin ya fi kowace tara aiki, domin mutum ba ya son a ce yaransa ne suka karya dokar da shi ya sa wa hannu.

3. Tantance inda za a ƙona da inda ba za a taɓa ba

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, saboda sun ji an ce ƙunar wuri, wato ƙona ciyawa da gangan tun da wuri kafin ta gama bushewa, tana da amfani sai su ɗauka ko'ina haka ne. Jihar Kebbi ba ƙasa ɗaya ba ce ta fuskar ciyawa. A kudu, wajen Zuru da Yawuri da Ngaski, ruwa ya fi yawa, gamba tana wuce tsayin mutum, saiwarta tana rayuwa shekara da shekaru, kuma idan aka ƙona ta da sauran laima a ƙasa takan yi toho. Irin wannan daji idan aka hana shi wuta ɗungurungum, ciyawa tana taruwa ne kawai, kuma ranar da wani ya cinna mata a watan Maris, wutar za ta kashe har manyan itatuwa. A can ƙunar wuri tana da hujja.

A arewa kuwa, wajen Arewa da Dandi da Argungu da Augie, galibin ciyawar ta shekara ɗaya ce, irin su ƙarangiya da kyasuwa, waɗanda ke fitowa daga iri kowace damina. Idan aka ƙona su babu tohon da zai biyo baya, an ƙone abincin dabbobi na rani ke nan, an kuma bar rairayi tsirara ga iska. A irin wannan wuri shawarata ita ce a share hanya, a yanke ciyawa a adana, a bar dabbobi su rage sauran, kada a sa wuta a cikin makiyaya ko kaɗan. Haka nan duk inda aka dasa itatuwa da ba su kai tsayin mutum biyu ba, kamar shingen itatuwan yaƙi da hamada da aka ƙaddamar a Bachaka a 2014, ba a shigar da wuta ciki ko da ta wuri ce.

A zagaya dajin da ƙafa tare da wanda ya san shi, a zana taswira ko da a takardar makaranta ce. A sa alamar rafi, da hanyar mota, da burtali, da fako, da dutse, domin waɗannan duk shinge ne da Allah ya riga ya yi, kuma haɗa su da juna yana rage tsawon abin da za a share. A sa alamar rugage, da rumbuna, da amya, da turakun lantarki na itace.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Abin da ake buƙata yawancinsa yana gida: fartanya, lauje, adda, gatari, manjagara, shebur, da jarkunan ruwa da amalanke ko babur da zai ɗauko su. Injin feshi na goyo, mai cin lita 16 zuwa 20, shi ne kayan da ya fi kowanne amfani wajen kashe gefen wuta, sai dai a wanke shi sarai kafin a zuba ruwa, kuma kada kowa ya sha ko ya wanke fuska da ruwan cikinsa. Abin dukan wuta ana iya yin sa da faffaɗar roba mai kauri da aka ɗaure a kan doguwar sanda. Idan babu, ɗanyen reshen sabara ko kalgo ko dogon yaro yana yi, haka ma jiƙaƙƙen buhun algarara. Buhun leda narkewa yake yi a hannu.

Kuɗin da ya fi yawa na leburanci ne, kuma ga hanya mai sauƙi ta lissafa shi. Hanya mai faɗin mita 10 da tsawon kilomita 1 daidai take da hekta 1. Gandun da ke da kilomita 1 a kowane gefe yana da kewayen kilomita 4, wato hekta 4 ke nan idan za a share shi duka da faɗin mita 10. A tambayi abin da ake biya a garin na noman hekta ɗaya a bana, a ninka, a ƙara wani abu a kai saboda saran daji ya fi noman gona wuya, sannan a sa kuɗin abinci da man babur. Inda aka yi gayya, abinci da ruwa ne kawai za su ci kuɗi. Inda akwai garmar shanu ko tarakta, a yi amfani da ita tun ƙasa tana da laushi a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, domin da ta bushe garma ba ta kama ta.

5. Share hanyar tare wuta

Hanyar tare wuta fili ne da aka cire wa duk abin da wuta za ta ci, har sai ƙasa ta fito. Faɗinta ya danganta da tsayin ciyawar da ke gefe. Inda ciyawa ba ta wuce gwiwa ba, mita 5 zuwa 6 na iya wadatarwa. Inda gamba ta kai mita 2 ko 3, ƙasa da mita 10 wasa ne, domin harshen wuta yana kwantawa da iska, kuma tartsatsi yana tashi ya sauka a gaba. Gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, shi ya kamata ya fi ko'ina faɗi, haka nan gindin tudu, saboda wuta tana ƙara gudu idan tana hawa.

Akwai dabarar da ke rage aiki tana kuma ba da hanya mai faɗi. A nome layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne mita 3, a bar tazarar mita 20 zuwa 30 a tsakaninsu, daga baya a ƙona tsakiyar. A gandun da muka yi misali da shi, abin da za a nome ya sauka daga hekta 4 zuwa hekta 2.4, amma shingen da za a samu ya fi mita 25. Wannan ita ce hanyar da na fi ba da shawara a kudancin jihar.

A fara da lauje a kwantar da ciyawa, sannan fartanya ta bi, sannan manjagara. Ciyawar da aka yanke a ɗaure ta a kai gida, ko a ja ta zuwa tsakiyar da za a ƙona. A sare rassan da suka rataya a kan hanyar, a cire busasshen itacen da ke tsaye a gefe, saboda idan ya kama wuta zai iya faɗowa ya haɗa ɓangarorin biyu. Kowace ƙaramar bishiya da ake son ta tsira a share mata da'ira ta taki biyu.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne tara ciyawar da aka share a bakin hanyar ta ɓangaren dajin da ake karewa, wanda hakan tara wa wuta abinci ne a daidai inda ake son ta mutu. Na biyu shi ne barin giɓi a wurin kwari ko duwatsu don aikin ya yi wuya a nan. Hanyar da ke da giɓin taki ɗaya, wuta za ta same shi. Wasu kuma suna fesa maganin kashe ciyawa don layin ya bushe da wuri. A makiyaya da kusa da mashaya ban yarda da wannan ba, domin dabbobi suna bi.

6. Ƙunar wuri

Lokacinta 'yan makonni ne bayan ɗaukewar ruwa, galibi daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, gwargwadon shekara da yanki. Alamar ita ce saman ciyawa ya bushe amma gindinta yana da sauran kore, raɓa tana sauka da dare, kuma an kwashe amfanin gonakin da ke kusa. Dawa takan kai Disamba a gona, don haka gefen da ke maƙwabtaka da ita sai an share mata nata shingen ko a jira. Kwana biyu kafin ranar a aika wa rugage da masu amya da ƙauyukan da ke kusa.

A zaɓi yammaci bayan la'asar, lokacin da zafi ya sauka kuma sanyin dare ke tafe don ya taya kashewa. A ɗebi ƙura a watsa sama a ga inda iska ta nufa. Idan rassan itace suna kaɗawa ba tsayawa, ko iska tana juyawa nan da can, a ɗage aikin, ko da an riga an dafa abincin gayya. A raba aiki tun kafin a kunna ashana: shugaba ɗaya wanda maganarsa ce kawai ake bi, mai kunnawa ɗaya ko biyu, masu duka a bayansu, masu injin feshi, da mutum ɗaya a kan tudu ko itace wanda aikinsa kawai duban bayan layi ne ko tartsatsi ya tsallaka. Yara ba sa cikin wannan aiki.

A gwada da ɗan ƙaramin wuri tukuna. Idan harshen wutar bai wuce ƙugu ba kuma tana tafiya a hankali, a ci gaba. Idan ta ƙi ci, ciyawa ba ta yi ba, a dawo bayan mako guda. Idan ta yi tsalle ta wuce kan mutum, lokaci ya ƙure ko iska ta yi yawa, a kashe ta nan take.

Ana farawa ne daga gefen da iska ta nufa, wanda da hunturu yawanci kudu maso yamma ne. A kunna a bakin layin da aka nome, ta yadda wutar za ta riƙa cin ciyawa tana komawa baya tana fuskantar iska, domin irin wannan wuta gajeriya ce kuma ba ta da gudu. Sai baƙin wuri, wato inda wuta ta riga ta ci, ya yi faɗin taki goma ko fiye sannan a bi gefuna biyu, a ƙarshe a rufe da gefen da iska ke fitowa. A yi aikin gaɓa-gaɓa, mita 50 zuwa 100 a lokaci guda, kada mai kunnawa ya yi wa masu duka nisa. A cikin dajin kansa ba a ƙona duka a shekara ɗaya. A ƙona wani sashe a bar wani, shekara mai zuwa a sauya, don dabbobi su sami abin ci, namun daji da tsuntsaye su sami mafaka, ƙananan itatuwa kuma su sami shekarar hutu.

Gargaɗi: ba a kunna wutar daji da fetur. Dunƙulen busasshiyar ciyawa a kan sanda ya isa. Kowa ya sa tufafin auduga masu dogon hannu da rufaffen takalmi, saboda rigar ƙwallo da silifa suna narkewa su manne a fata. Kusa da babban titi, irin na Jega zuwa Yawuri, kada a yi ƙuna idan iska za ta kai hayaƙin kan kwalta.

7. Gadi daga Disamba zuwa saukar ruwa

A sake bin hanyar da manjagara sau ɗaya a wata, domin itatuwa suna zubar da ganye su rufe ta. A raba ranakun duba daji tsakanin unguwanni, a fi sa ido tsakanin hantsi da la'asar da kuma ranakun farauta. A tsayar da alamar kira da kowa ya sani, ko ganga ko lasifikar masallaci, a ajiye jarkuna cike da ruwa da kayan duka a wuri ɗaya, a kuma rubuta lambobin wayar malamin daji da arɗo da hakiman maƙwabta. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma motar kashe gobara daga Birnin Kebbi ko Zuru ba za ta riga mutanen gari isa bakin daji ba.

8. Idan wuta ta tashi

Shugaba ya tsaya ya duba kafin kowa ya ruga: ina iska ta nufa, me ke gaban wutar, ina za a gudu idan ta juya. A fara fitar da mutane da dabbobi daga gabanta. Ba a tarar kan wuta gaba da gaba. A faro daga bayanta, inda ta riga ta ci, a bi gefunanta biyu ana duka ana matse ta, ƙafa ɗaya kullum tana kan baƙin wuri. A riƙa dukan wutar ana share ta zuwa cikin inda ya ƙone, domin duka daga sama da ƙarfi yana watsa tartsatsi. Mai injin feshi ya nufi gindin wutar, mai shebur ya watsa ƙasa.

Idan harshenta ya wuce ƙirjin mutum, ta fi ƙarfin ganye da buhu. A ja baya zuwa hanyar tare wuta ko rafi ko titi, a jira ta a can, ko a jira dare lokacin da takan kwanta. Akwai dabarar cinna wata wutar daga bakin hanya don ta je ta tarbi mai zuwa, kuma tana aiki, amma ta hallaka mutane a hannun wanda bai iya ba. Kada a yi ta sai da umarnin shugaba, bayan an ƙirga kowa an tabbatar babu wanda ke tsakanin wutar biyu.

Gargaɗi: wanda wuta ta taso wa kada ya gudu ta inda iska ta nufa, kada kuma ya hau tudu ko ya shiga kwari mai ciyawa. Ya nemi gefe, ko fako, ko wurin da ya riga ya ƙone. Idan tufafi suka kama, ya kwanta ya yi birgima a rufe shi da bargo ko ƙasa. A zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi asibiti. Man goge baki, da ƙwai, da manja, da toka, duk suna ƙara lalata ciwon.

9. Tabbatar da ta mutu

Wuta da yawa da ake cewa ta tashi da kanta, ta jiya ce da aka bari. Busasshen kashin shanu, da kututture, da kogon itace suna riƙe garwashi kwana da kwanaki, iskar hantsi kuma ta tayar da shi. A bi gefen wurin da ya ƙone taki 20 zuwa ciki, a farfasa kashin shanu, a mirgina gungume zuwa tsakiyar baƙin wuri, a cika kogo da ƙasa ko ruwa. A kusantar da bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Mutum biyu su kwana a wurin, a sake dubawa da safe da kuma tsakar rana ta gaba.

Daga nan sakataren kwamiti ya rubuta rana, da inda wutar ta faro, da abin da ta ci, da wurin da ta tsallake hanya idan ta tsallake, a kai wa malamin daji da hakimi. Idan ana zargin wani, a bar maganar a hannun hakimi da arɗo da hukuma, kada matasa su nufi ruga ko gidan kowa da zafin rai. Wurin da aka yi wa ƙunar wuri kuma a roƙi makiyaya su ɗaga masa ƙafa na wasu makonni, har tohon gamba ya kai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, domin idan shanu suka cinye shi yana fitowa saiwar tana raunana, kuma bayan 'yan shekaru tofa da ƙarangiya ne za su maye wurin.